Sirrin da aka kai ofishin shugaba

Ƙarshen watan nan zan ajiye aikin ungozoma a wani asibiti a nan Kaduna, kuma abin da ya ƙi fita raina shi ne yadda shugabarmu ta yi da wata abokiyar aikinmu. Baiwar Allah da ƙafarta ta je ofis ta faɗa mata tana ɗauke da HIV, don a riƙa ba ta ranar zuwa karɓar magani. Sati bai zagayo ba aka cire ta daga ɗakin haihuwa aka mai da ita wajen yankar kati. Har masu shara sun ji. Da muka je muka ce, "Hajiya, a duba lamarin nan," sai ta ce mu yara ne, lafiyar masu haihuwa take karewa.

Na yarda akwai aikin da yatsa da allura ke haɗuwa inda ido ba ya gani, kamar ɗinkin ƙari mai zurfi. Amma wannan hukuncin likita ne da awon jini. Ingila tun 2014 ta bar ma'aikatan lafiya masu HIV su yi wa marasa lafiya tiyata muddin suna kan magani, ƙwayar tana ƙasa da 200 a kowane mililita na jini, ana sake awo a kai a kai. A shekarar ce mu ma aka yi dokar hana tsangwamar masu HIV, wadda ta haramta fallasa mutum ba da yardarsa ba. Hajiya ta halarci taron bita a kan dokar, har da kuɗin zama.

Daga ranar, duk wadda allura ta soka sai ta wanke hannu ta yi gum. Maganin kariya na PEP, wanda ke hana kamuwa da HIV bayan irin wannan suka, dole a fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28, amma sai an fara gwada ki, kuma kowa ya ga inda sakamako ke ƙarewa. Ciwon hanta nau'in B ya fi HIV saurin kamawa ta allura nesa ba kusa ba, amma ban taɓa jin an tambayi wa ya yi rigakafinsa ba.

Ƙannena masu shigowa, kada ku mayar wa allura murfi. Ku yi rigakafin hanta ko da kuɗinku ne. Idan kuma za ku faɗi halin da kuke ciki, ku faɗa wa likitan da ke duba ku, ya rubuta irin aikin da za ku iya, ku riƙe kwafi a gida.