Kilo 104 nake da shi ranar da nace zan hau Dutsen Kamaru

A watan Janairun 2024 na raka ɗan ƙanwata wani ofis a nan Garwa, bene hawa uku ne, kafin mu kai hawa na biyu wallahi sai da na dafa bango na tsaya, numfashi na fita sama-sama, gumi ya jiƙa min riga alhali lokacin sanyi ne ana hazo. Yaron ya juyo yace Kawu lafiya? nace lafiya lau muje, amma ni na san ba lau ba. Shekarata 51 lokacin, sana'ata sayar da yadi a babbar kasuwa, daga gida sai moto, daga moto sai benci a shago, daga shago sai majalisa, haka na shekara ashirin da wani abu.

Sati na zagayowa na je lopital. Sikeli ya nuna kilo 104, ni kuma tsawona mita 1,72 ne kawai. Tansiyo, wato awon hawan jini, 15/9. Suga da safe ban ci komai ba 1,18, doktor yace min daga 1,26 ake kiran shi ciwon suga, wato ina bakin ƙofa ban shiga ba tukuna. Ya rubuta min maganin tansiyo, yace Alhaji magani zai yi nashi amma tumbin nan kai ne zaka yi aikin shi. Mahaifinmu shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi shekara huɗu kafin Allah ya karɓi abinsa, ni na riƙa juya shi a shimfiɗa, saboda haka maganar ta shige ni sosai, daren nan ban yi barcin kirki ba.

Wannan ɗan ƙanwar tawa a Buweya ya yi karatu, can kudu a gindin Dutsen Kamaru, shi ya taɓa nuna min bidiyon tseren da ake yi duk shekara wajen Fabrairu, mutane su tashi daga filin wasa na Molyko su hau har ƙololuwa su dawo a yini ɗaya. Yace akwai masu hawa a hankali cikin kwana uku da ɗan jagora, har da tsofaffin da suka girme ni. Nace masa to shekara mai zuwa warhaka da ni za a hau. Ban san me ya sa na faɗa ba, amma na faɗa a gaban mahaifiyarsa da matata, kuma magana zarar bunu ce. Na lura in nace kawai zan rage ƙiba, kwana uku zan bari, na sha gwadawa. Amma dutse mai tsawon mita 4,040 yana nan tsaye yana jira, da wata da rana, wannan daban ne.

Na fara da tafiya bayan sallar Asuba. Ranar farko minti 20 na yi na dawo. Bayan wata guda ina zuwa gadar Binuwai in tsallaka in juyo, kusan awa ɗaya. Wahalar tafiyar ba ta kai wahalar mutane ba, a nan ne nake so in daɗe dan duk wanda zai gwada a garuruwanmu sai ya haɗu da ita. Mutum mai shekaru, mai shago, a gan shi da wandon motsa jiki yana tafiya a ƙasa da sassafe, ba wanda zai ɗauka lafiya. 'Yan moto su tsaya, Alhaji hau in kai ka. Abokai su taka birki, mota ce ta lalace? Da na fara faɗawa, riguna suka fara yi min yawa, sai magana ta canza, wasu suka ce kasuwa ce ta karye, wasu suka ce wani ciwo nake ɓoyewa, har wata gwaggona ta aiko daga garin Gidar da rubutu a galan wai in sha. Mu a wajenmu tumbi alamar hutu ne da rufin asiri, in ka rame to akwai matsala. Wanda ya fi damuwa ita ce uwargida, ranar nan ta zaunar da ni tace Alhaji ka san abin da danginka za su ce, za su ce ba na ba ka abinci. Kuma gaskiyarta ne, ita za a zaga ba ni ba. Sai da na ɗauke ta muka koma wajen doktor tare ya yi mata bayani da bakinsa, ya gwada nata tansiyon ma, daga ranar ta zama ita ce mai tsaron kwanona. Da na san haka da tun farko da ita zan fara, na ɓata wata biyu ina faɗa da abinci a gidan da mai girkin ba ta yarda da abin da nake ba.

Abinci kam ban yi wani tsari na Turawa ba, abin da muke ci na ci gaba da ci. Abu na farko da na zauna na ƙirga shi ne shayi. Zama biyu nake yi a rana, na shago da na majalisar dare, kowanne zagaye uku, kuma kun san yanda ake zuba suga a butar nan, ga lemon kwalba da rana in zafi ya yi, ga folere, wato zoɓo, mai suga a gida. Da na lissafa sai na ga sugan da nake sha ya fi ƙarfin hankali. Ban bar majalisa ba dan nan ne zumuncina, sai dai nace a zuba min kofi ɗaya kafin a sa suga. Sati biyun farko ɗaci kamar maɗaci, yanzu kuma in an ba ni mai suga ba na iya shanyewa. Makala, wato fanke, da wake na safe na mayar da shi wake da ƙwai, makala sai ranar Juma'a. Tuwo malmala biyu ta koma ɗaya, miya ta ƙaru, tasba, zogale, lalo, kuɓewa, mai kaɗan. Soyan dare da nake aikawa a sayo kusan kullum ya koma sau ɗaya a sati, sauran ranaku kifi gasasshe, Allah ya hore mana shi ga kogin Binuwai ga tafkin Lagdo. Gishiri doktor yace kar ya wuce giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya kenan har da wanda ke cikin dunƙulen miya, wannan ya fi komai wuya a gida dan tukunya ɗaya ce da yara, sai muka rage a hankali yanda ba su lura ba.

Azumi ya zo a Maris zuwa Afrilu, tsakiyar zafin Garwa, rana tana wuce digiri 40. Na ɗauka azumi zai taimaka min, ashe da Sallah na hau sikeli na ƙara kilo biyu. Ƙosai, kunun gyaɗa mai suga, soye-soye, folere mai ƙanƙara, ga shi na daina tafiyar safe dan tsoron ƙishi. Goman ƙarshe ne na gane in riƙa tafiya bayan tarawi, amma ɓarnar ta riga ta faru.

Bayan Sallah haushi ya sa na yi babban kuskure, na fara gudu. Mutum mai kilo kusan 100 a kan kwalta da takalmin da ba na gudu ba, kwana tara na yi gwiwar dama ta kumbura har ruku'u da sujada sai a zaune. Sati uku ina gida. Wani mai gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi a lopital shi ya gyara min tunani, yace dutse ba gudu yake so ba, cinya yake so, kuma saukowa ta fi hawa cin gwiwa. Ya koya min in zauna kan kujera in miƙe ba tare da dafa komai ba sau 15, in huta, in sake har sau uku, sannan in samu dakali in riƙa hawa ina sauka a hankali, musamman saukar, in riƙe jikina kar in faɗo da ƙarfi. Abu ne da ba shi da wani armashi, a tsakar gida nake yi yara na kallo, amma shi ya kai ni ya dawo da ni.

Damina ta sauka gari ya yi sanyi, na fara ɗaukar jaka a baya, na sa shinkafa kilo 5 a ciki, daga baya 8. Garwa shimfiɗe take, saboda haka ranar Lahadi sai mu fita wajen duwatsun Tingilin ni da yaron nan mu hau mu sauko, wani lokaci sau biyu. A Nuwamba muka je Ngaundare kwana biyu, muka hau dutsen da garin ya ci sunansa, muka yi tafiyar awa shida a rana ta biyu dan in ji yanda ƙafa take in ta kwana da gajiya ta tashi ta ci gaba. Nauyi yana sauka a hankali, wani watan kilo biyu, wani watan ɗaya, Agusta da Satumba sikeli ya tsaya cak a 93 har raina ya ɓaci, amma bel ɗina ya ci gaba da matsawa rami-rami, shi ya riƙe ni. Ƙarshen Disamba na kai 87.

Takalmi a gwanjo na samu, mai tudun ƙasa da ya rufe idon sawu, lamba ɗaya sama da tawa, na yi wata biyu ina tafiya da shi kafin tafiyar. Rigar sanyi da safar hannu da hular ulu duk gwanjo. 'Yan uwa sun ji tsoro saboda rikicin da ake yi tun 2016 a yankin masu Ingilishi, inda Buweya take, muma ba mu yi wasa da wannan ba, sai da yaron ya kira mutanen da ya sani a garin da masu jagora suka tabbatar hanyar dutsen a buɗe take sannan muka sayi tikiti.

Janairun 2025 muka shiga mota zuwa Ngaundare, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, mota zuwa Duwala, sannan Buweya. Dutsen yana cikin gandun da gwamnati ta keɓe tun 2009, ba a shiga sai da ɗan jagora, muka ɗauki mai ɗaukar kaya ma, na bar wa kaina ruwa da rigar sanyi da dabino da gyaɗa. Ranar farko ana bi ta gonaki a shiga kurmi, itatuwa dogaye irin wanda ɗan arewa bai saba gani ba, ƙasa a jiƙe, har a kai bukka ta farko cikin bukkokin da ake yada zango a hanyar. Daga nan kurmi ya ƙare sai ciyawa da baƙin dutse, hawa a miƙe kamar tsani, kana ganin wani tudu ka ce shi ne ƙarshe ka kai sai wani ya ɓullo. Jagoran Bakweri ne, mutanen wajen, ya lura ina son in bi saurin samari sai ya dawo da ni bayansa yace in taka inda ya taka, in har ba zan iya magana ina tafiya ba to na yi sauri. Muka kai bukka ta biyu wajen mita 2,800 da yamma.

Sanyin wajen ban taɓa jin irinsa ba. Duk mita dubu da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6, ga iska, mutumin Garwa kuma. Na haɗa Magariba da Isha na yi ƙasaru, alwala da ruwan da jagoran ya ɗan ɗumama min, na kwanta da duk kayan da na zo da su a jiki.

Rana ta biyu ita ce ranar. Muka tashi da duhu da tocila a goshi, wajen bukka ta uku kaina ya fara sarawa, zuciya na tashi, iska ba ta isa ƙirji, taku ashirin in tsaya. Doktor ya riga ya gaya min sama da mita 2,500 hakan na faruwa ko ga mai ƙarfi, kuma in ciwon kan ya tsananta ko amai ya zo ko na fara tangaɗi to in sauka kawai ba gardama, na kuma yi wa uwargida alkawarin haka. Nawa bai kai nan ba. Na sha ruwa na ci dabino muka ci gaba, wajen ƙarfe tara da rabi muka tsaya a ƙololuwa, gajimare yana ƙasa da mu, iska kamar za ta ɗauke mutum. Yaron ya rungume ni yana Kawu ka yi, Kawu ka yi, ni kuma mahaifina ne ya faɗo min a rai, na yi masa addu'a hawaye na zuba. Ko minti 15 ba mu yi ba saboda sanyi.

Saukowa ta ɗaya ɓangaren ce, a bi ta toka da tsakuwa baƙa ƙafa na nutsewa, a wuce ramukan da dutsen ya yi aman wuta a 1999, har zuwa maɓuɓɓugar Mann inda ake kwana na biyu. Awa goma sha ɗaya muka yi a ƙafa ranar. Nan na tuna mai gashin ƙashin nan, cinyoyina suna rawa amma gwiwa ta riƙe, sanda biyu da jagoran ya saro min sun taimaka ƙwarai. Kuskurena ban yanke farce ba kuma ban ɗaure igiyar takalmi da kyau ba wajen gangara, yatsu suna ta dukan gaban takalmin, farcen manyan yatsu biyu suka yi baƙi daga baya suka fita. Rana ta uku kurmi ne har ƙauyen Bokwango, ina tafe a hankali kamar mai koyon tafiya, matakalar masauki ma da baya-baya na sauke ta washegari.

Yanzu ina 89, kilo biyu sun dawo bayan tafiyar da na saki jiki, ina fama da su. Suga ya koma 0,96, tansiyo 13/8, amma har yau ina shan maganin, doktor ya rage ne bai ce in bari ba, ni ma ban bari da kaina ba. Mutum biyu daga majalisarmu suna bi na tafiyar Asuba, ɗayansu shi ne wanda ya fara cewa kasuwata ta karye, an gano nashi sugan ya riga ya wuce 1,26. Muna maganar duwatsun Alantika ta wajen Poli in sanyi ya shigo, kwana huɗu a ƙafa, jakarsa da shinkafa kilo 3 ya fara ɗauka satin da ya wuce.