Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Majinyacin da Sanyi Ya Sandarar

A makon jiya na tsaya ne a inda aka mayar da ni aikin jinya a sashen kulawa ta musamman na asibiti. Ban cika wata biyu a can ba na gamu da majinyacin da har yau nake tunawa da shi duk lokacin da na ɗauki ma'aunin zafin jiki.

Da asuba aka kawo shi, a tsakiyar hunturu, bayan an tsince shi kwance a bakin rafi, tufafinsa sun jiƙe sharkaf. Gaɓoɓinsa sun sandare, ba ya amsa kira, kuma ko rawar ɗari ba ya yi. Da rawar ɗari jiki ke samar wa kansa ɗumi, saboda haka idan ta tsaya alhali mutum yana cikin sanyi, alama ce ta cewa jikin ya gaza. Bayan an sa masa bututun numfashi, aka zura ma'auni na musamman ta maƙoshi, inda abinci ke bi, har kusa da zuciya, ya nuna digiri 26. Lafiyayyen mutum yana kan 37, ƙasa da 35 sanyi ya fara yi masa illa, ƙasa da 28 kuwa rai ne ke cikin haɗari.

Tausayi ya sa na kama ƙafafunsa na soma murzawa da ƙarfi. Babban likitanmu ya riƙe mini hannu ya ce, "Sista, dakata. Zuciyarsa kamar ɗanyen ƙwai take yanzu, kar ki jijjiga shi." Na ce, "To, likita," amma sai daga baya na fahimci dalili. Jinin da ya maƙale a hannuwa da ƙafafu ya fi na ƙirji sanyi nesa ba kusa ba, kuma murza gaɓoɓin yana kora shi zuwa zuciya, zafin cikin jiki ya ƙara faɗuwa. Zuciyar da ta yi sanyi haka, ɗan motsi kaɗan yana iya rikita bugunta. Shi ya sa muka yanke tufafinsa da almakashi maimakon tuɓe masa, muka bar shi a kwance, muka lulluɓe gangar jikinsa da bargo mai hura iska mai ɗumi, aka sa masa ƙarin ruwan da aka ɗumama zuwa digiri 40.

Duk da haka, kafin rabin sa'a zuciyar ta rikice, jini ya daina zagayawa. Har yanzu nakan tambayi kaina ko murzar da na yi tana da hannu a ciki. Aka yi mata bugun lantarki sau uku ba ta dawo ba, likita ya ce a dakata da shi, domin ƙasa da digiri 30 zuciya ba ta cika amsa lantarki ko magani ba. Muka ci gaba da danna ƙirji bi da bi.

Da hannuwana suka gaji na ɗaga ido na dubi likitan, ya gane abin da ke raina. Ya ce ba a tabbatar da mutuwar wanda sanyi ya kama sai an ɗumama shi tukuna, domin kowane digiri ɗaya da jiki ya sauka yana rage buƙatar iskar oksijin da kusan kashi 6 cikin ɗari, wato sanyin da ke neman kashe shi shi ne kuma ke kare ƙwaƙwalwarsa. Ya tuna mana da wata likita 'yar Suwidin da ta shafe minti 80 a ruwan ƙanƙara a Norwe a 1999, zafin jikinta ya sauka zuwa digiri 13.7, amma aka farfaɗo da ita a asibitin Tromso, ta kuma koma bakin aikinta. Gwajin jinin majinyacinmu ya nuna sinadarin fotashiyam bai hau sosai ba, abin da ke nufin ƙwayoyin jikinsa ba su riga sun lalace ba.

Nan take aka haɗa shi da na'urar ekmo. Ana janye jini ta babbar jijiyar cinya, na'urar ta ɗumama shi, ta ba shi oksijin, ta mayar da shi jiki, tana yin aikin zuciya da huhu gaba ɗaya. A ganina wannan ita ce babbar hikimar maganin, wato a ɗumama mutum daga ciki zuwa waje, sannu a hankali. Da ma'aunin ya haura 30 aka sake bugun lantarki, zuciyar ta kama bugawa da kanta.

A rana ta huɗu ya buɗe ido, ya matse mini yatsu da na kira sunansa. Yadda muka yi fama da ƙodarsa da yatsun ƙafarsa da sanyi ya ci, sai a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.