Godiya ga waɗanda suka kai Baba ƙololuwar Lion's Head

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, Baba ya sauka Kano lafiya, kumburin gwiwar ya sace, har ya koma zuwa masallaci da ƙafarsa. Tun da na sa hotunan hawan da muka yi ake ta kirana ana tambayar yadda aka yi dattijo mai shekara kusan saba'in ya hau dutse a Cape Town. To, jama'a ne suka kai shi, kuma hakkinsu ne in gode musu a idon duniya.

Bikin kammala karatuna ne ya kawo Baba Afirka ta Kudu. Duk inda muka zaga a garin, idonsa na kan wani dutse mai tsini da ke tsakanin Table Mountain da Signal Hill, wanda ake kira Lion's Head. Da ya ji cewa daga samansa ana hango tsibirin Robben, inda aka taɓa ɗaure Nelson Mandela, sai ya ce shi fa ba zai koma gida bai hau ba. Na ce, "Baba, mita 669 ne fa, ga kuma gwiwarka." Ya ce, "Uwata, kin manta a gindin Dala aka haife ni?" Wanda ya san Baba ya san magana ta ƙare.

Godiyata ta farko ga ƙannena biyu da muke karatu tare, ɗaya Bazazzagi, ɗaya ɗan Damagaram. Tun ana gobe za mu tafi suka je suka hau dutsen su kaɗai, don kawai su ga inda zai ba Baba wahala. Su suka ce mu fita da zarar an idar da sallar asuba, domin watan Disamba tsakiyar zafi ne a nan, hanyar kuma ba ta da inuwar kirki. Su suka duba yanayin iska, saboda iskar kudu maso gabas ta garin nan idan ta taso ko matashi sai ya dafa dutse. Ruwa, dabino, dardumar Baba, duk a bayansu.

Hanyar tana zagaya dutsen ne tana hawa, shi ya sa kowace kwana da abin da za ta nuna maka. Nan ka ga farin yashin Camps Bay da jerin duwatsun Twelve Apostles, can ka ga Clifton, in ka ƙara gaba sai ga Sea Point da tashar jiragen ruwa da cikin gari. Baba ya tsaya a jikin wata bishiya mai ganye kamar an shafa masa azurfa, ya shafa ganyen da yatsa, ya yi tasbihi. Tafiyar da waɗannan samari ke yi cikin awa guda ta kusa cin mana awa uku. Ban ga ɗayansu ya duba agogo ba. Idan suka lura numfashin Baba ya yi sama, sai ɗan Damagaram ya ce, "Baba, mu ɗan zauna, ni na gaji." Baba ya gane dabarar, ya yi murmushi ya zauna.

Kusa da sama hanya ta rabu biyu: ɗaya mai sarƙoƙi da ƙarafan da aka kafa a jikin dutse, ɗaya mai zagaye. Muka bi mai zagayen, amma ita ma akwai tsani da wuraren da sai an kama da hannu. Baba ya cusa hularsa a aljihu, ya naɗe rigarsa ya ɗaure a ƙugu. Ɗaya ya hau gaba ya miƙo hannu, ɗaya ya tsaya a ƙasa ya tokare da kafaɗa, ni kuwa bakina bai bar addu'a ba. Mutane suka yi layi a bayanmu. Babu wanda ya yi tsaki, babu wanda ya nemi ya ratse. Wata matashiya ma cewa take kada mu yi sauri, ba inda za su. Da Baba ya taka matakin ƙarshe sai suka ɗauki tafi. Ban san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, amma na gode.

A sama Tekun Atilantika ya shimfiɗu iya ganinka, ga tsibirin can kwance a tsakiyar ruwa. Baba ya daɗe yana kallonsa. Daga nan ya kira samarin ya ba su labarin yadda a 1976, yana ɗalibi a kwalejin horon malamai, Najeriya ta kafa asusun tallafa wa masu yaƙi da wariyar launin fata, ma'aikata suka ba da daga albashinsu, su ma ɗalibai suka ba da ɗan abin da ke aljihunsu. Ya ce a rediyo ya san sunan wannan tsibiri, inda Mandela ya yi shekara 18 cikin 27 da ya yi a ɗaure, kuma bai taɓa zaton Allah zai nuna masa shi da idonsa ba. Wallahi na girma a gabansa ban taɓa jin wannan labari ba sai ranar.

A nan Allah ya haɗa mu da wani dattijo ɗan unguwar Bo-Kaap. Ya ji Baba yana hamdala sai ya matso ya yi sallama. Shi ya gaya mana cewa tun kafin Mandela, Turawan Holan sun tsare wani malami daga tsibiran Indunusiya a Robben, ana kiransa Tuan Guru, kuma a can ya rubuta Alƙur'ani da ka. Bayan an sake shi ya zama limamin Masallacin Auwal, wanda aka kafa a 1794, masallaci na farko a ƙasar. Ranar Juma'a Kawun nan ya zo da motarsa har masaukinmu ya kai Baba wannan masallaci, daga nan ya wuce da mu gidansa, uwargidansa ta cika mu da abinci. Kawu, Allah ya saka da Aljanna.

Saukowa ce ta fi wuya. Muna rabin hanya gwiwar Baba ta kumbura, ya kasa taka ta. Wata baiwar Allah ma'aikaciyar jinya, tana hawa da ƙawayenta, ta ajiye jakarta ta durƙusa a kan tsakuwa. Ta taɓa gwiwar a hankali, ta sa shi ya lanƙwasa ya miƙe, ta ɗaure da bandeji, ta nuna wa samarin yadda za su riƙe shi ta ɓangaren da ke ciwon. Ta rubuta min lambar masu ceto ko da abin zai ƙi, sannan ta ba Baba sandar tafiyarta ta wuce. Da ita ya sauko, taku bayan taku. Muna isa mota aka harba igwar da ake harbawa a Signal Hill da ƙarfe 12 na rana.

Na gode wa direban da ya jira mu awanni bai ƙara ko kwabo ba. Na gode wa Yaya babba da ya ɗauki nauyin tikitin Baba, da Umma da ta wuni kan darduma har sai da ta ji muryarsa. Ƙannena biyu, Baba ya ce in gaya muku gidansa gidanku ne, Allah ya ba ku masu yi muku. Sandar ma'aikaciyar jinyar nan tana wajena. Duk wanda ya san ta a cikin 'yan'uwanmu na Cape Town, don Allah ya turo min saƙo, ina so in mayar mata da hannuna.