Balmora, Anvil, Whiterun: garuruwan da ake sauke kaya a duniyar The Elder Scrolls

Duk wanda ya daɗe yana buga wasannin bidiyo na The Elder Scrolls ya san garin da ke burge ido daban ne, garin da ake iya zama a cikinsa daban ne. A hoto Solitude ta Skyrim ce sarauniya, da fadarta a kan wani ƙaton dutse da ya yi baka ya tsallake ruwa. Amma ka fito daga kogo da takubba bakwai da sulke biyu, nauyi ya hana ka gudu, sannan ka ga abin da zai dame ka: taku nawa ne daga ƙofar gari zuwa maƙera, nawa ne a aljihun mai shago, kuma ina za ka ajiye ragowar kayan su kwana lafiya. Da wannan mudun nake auna garuruwan wasannin nan uku na kamfanin Bethesda, wato Morrowind na 2002, Oblivion na 2006 da Skyrim na 2011.

A Morrowind, Balmora ce ta ɗaya, kuma da tazara. Dalilin yana cikin yadda ake tafiya a wasan. Ba a danna taswira a tsinci kai a wani gari, ba kuma wata kibiya da ke nuna maka hanya. Kwatance ake ba ka da baki, ka rubuta a littafinka, ka tafi nema. Saboda haka darajar gari tana ga yawan hanyoyin da suka haɗu a cikinsa, kamar yadda kasuwa ke bin tasha. Daga Seyda Neen, ƙauyen bakin fadama inda jirgin fursunoni ya sauke ka, za ka hau wani ƙaton ƙwaro mai dogayen ƙafafu da aka rarake bayansa ana zama a ciki. Shi ne motar hayar tsibirin Vvardenfell. Na Balmora yana zuwa Seyda Neen, Suran, Vivec da Ald'ruhn. A ƙasan gidan ƙungiyar matsafa kuma akwai wadda ake biya ta cilla ka nan take zuwa Caldera, Ald'ruhn, Vivec ko Sadrith Mora. Ga kuma haikali a garin, don haka sihirin Almsivi, mai kai mutum haikali, zai ajiye ka a ƙofarsa muddin shi ne haikali mafi kusa da inda ka maƙale.

Kogin Odai ya raba garin biyu, da gadoji a kai. Yamma da kogi shaguna ne, da gidan mayaƙa da na matsafa ƙofa da ƙofa, sai manyan gidajen Hlaalu, dangin da ke mulkin garin, a kan tudu. Gabas da kogi unguwar talakawa ce, can ne South Wall take, mashayar da ɓarayi ke taruwa, can kuma gidan Caius Cosades yake a kusurwar arewa maso gabas. Shi ne mutumin da aka aiko ka wurinsa. Zai ba ka zinare 200, ya kuma bar maka gadonsa ka riƙa kwana, abin da ke nufin ba ka bukatar biyan masauki a farkon wasa.

Kurakurai biyu ne sababbin shiga ke yi a kasuwar Balmora. Na farko, shiga shago da skooma ko sukarin wata, kayan mayen da aka haramta, a jaka. Yawancin 'yan kasuwa za su ƙi ciniki da kai sam. Maganin mai sauƙi ne: ajiye shi a ƙasa, gama cinikinka, ɗauki abinka. Na biyu ya fi muni, shi ne ka saci kaya a shago sannan ka manta ka kawo wa mai shagon irinsa. Wasan yana riƙe irin kayan da ka sata daga wurin wane, to ko wani na daban ka tsinto a jeji, mai shi zai ce nasa ne, ya yi maka ihun ɓarawo.

Matsalar kaya masu tsada kuwa Caldera ce ke warware ta. A saman benen Ghorak Manor, cikin wasu Orc, akwai wani ɗan ƙaramin aljani mai suna Creeper. Yana da zinare 5000, yana sayen makamai da sulke a cikakken farashinsu ba tare da tayi ba, kuma aljihunsa na sake cika bayan awa 24 na cikin wasa. Idan kana da takobin da ya fi 5000, fara sayar masa da ƙananan kaya na 'yan kwanaki, sannan a ciniki ɗaya ka miƙa takobin ka karɓi kuɗin da ƙananan kayan a matsayin ciko, ka sake sayar masa da su washegari. Ka dasa sihirin Mark, mai alamta wuri, a gabansa, sihirin Recall ya riƙa dawo da kai wurin. Kada dai hannunka ya suɓuce ka sare shi, babu wani a madadinsa a garin.

Vivec kuwa birnin da ake yabo ne daga nesa. Manyan gine-gine tara ne a tsaye cikin ruwa, kowanne kamar gari guda, ga wani dutse yana lilo a sama da haikali, an rarake shi an mai da shi kurkuku. Sai ka shiga ka ga kowane lungu kamar ɗan'uwansa. Hawa-hawa ne: dandali a ƙoli, shaguna a tsakiya, magudanar ruwa a ƙasa, kuma mutumin da kake nema kullum yana hawan da ba ka duba ba. Dogaran birnin, Ordinator, suna ɗaukar sulkensu abu mai tsarki. Ka sa hularsu ko rigar ƙarfensu ka yi wa ɗayansu magana, sun sa maka karan tsana ke nan, za su riƙa far maka duk inda suka gan ka. Sayar da shi ga Creeper ya fi maka alheri. Ald'ruhn ta fi ta ban mamaki, inda manyan dangin Redoran ke zaune cikin ƙwanson wata ƙatuwar ƙaguwa da ta mutu tun zamanin da, sai dai guguwar toka ba ta barin mutum ya ga gabansa. A Sadrith Mora kuma matsafan dangin Telvanni shuka hasumiyoyinsu suke yi daga naman kaza, kuma ba sa sa matakala. Wanda bai zo da maganin tashi sama ba, a ƙasa zai tsaya yana kallo.

Oblivion ta sauya lissafin gaba ɗaya. Tun daga fitowarka daga magudanar kurkuku kana iya danna kowane babban gari a taswira ka isa, don haka tasha ta daina zama abin dubawa. An kuma cire sihirin tashi sama, domin biranen sun koma wurare na daban a bayan ganuwa, sai an buɗe ƙofa wasan ke loda su. Kuɗin mai shago ma ba ya ƙarewa. Adadin da ka gani iyakar abin da zai biya ne a ciniki ɗaya, to idan 800 ne, kana iya sayar masa da kayan 800 sau goma a jere. Abin da ya rage a duba shi ne gida, domin akwatunan da ba naka ba yawancinsu suna komawa yadda suke bayan kamar kwana uku, su haɗiye duk abin da ka zuba.

Mafi arha ita ce bukkar bakin ruwa ta Imperial City, zinare 2000, ɗaki ɗaya tal. Daga nan farashi ke hawa: Bravil 4000, Leyawiin 7000, Bruma 10000, Cheydinhal 15000, Chorrol 20000, Skingrad 25000, kuma duka sai ka sake biyan kuɗin kayan ɗaki. Shi ya sa Anvil ta yi fice. Garin bakin teku ne, mai farin gini da jan rufi, ga hasumiyar fitila a tashar jiragen ruwa. A masaukin Count's Arms za ka sami Velwyn Benirus yana neman kai da gidan kakansa a kan 5000 kacal. Arhar tana da dalili. Daren farko da ka kwanta, fatalwa za su tashe ka, kuma takobin ƙarfe na gama-gari ba ya kama su, sai na azurfa, ko mai sihiri, ko tsafin wuta da makamantansa. Bayan ka gama da su, sauka ƙasa ka ɗauki ƙashin hannu da guntuwar takardar da suka faɗo daga wata fasasshiyar tukunya. Velwyn ya riga ya gudu Imperial City, yana mashayar King and Queen a unguwar Elven Gardens. Ka lallashe shi ya dawo, ya buɗe ɓoyayyar ƙofar da ke ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Da ka mayar wa ƙwarangwal ɗin Lorgren Benirus hannunsa zai miƙe ya yaƙe ka, don haka ka ajiye wasan kafin ka taɓa shi. Ka kashe shi, gidan ya gyaru da kansa, da kayan ɗakinsa cif, ba ka ƙara ko sisi ba.

A Skyrim babu gardama, Whiterun ce. Tana tsakiyar ƙasar, kuma an jera ta kamar wanda ya san wahalar ɗan dako ne ya zana ta. Da shigarka ƙofar gari, a hannun dama, ga Warmaiden's, inda Adrianne Avenicci ke aiki a waje: maƙera, dutsen washi, teburin gyaran sulke, wurin jima da tukunyar narka tama, duka a wuri ɗaya. Gidan da ke manne da ita shi ne Breezehome, zinare 5000 a hannun Proventus, wakilin sarki, bayan ka dawo da allon dutsen da aka aike ka ɗaukowa a Bleak Falls Barrow. 'Yan taku gaba kasuwa ce, ga shagon Belethor mai sayen komai, ga na Arcadia mai haɗa magunguna, ga Bannered Mare inda kwana yake zinare 10. Kana fara wasa da ikon ɗaukar nauyi 300, kuma ƙasusuwan dodon nan mai fukafukai suna da nauyi ƙwarai, to gida a bakin ƙofa ba ƙaramar ni'ima ba ce.

A nan kuɗin 'yan kasuwa na ƙarewa. Belethor na da kamar 750, sai bayan kwana biyu aljihunsa ke cika. Dabarar ita ce ka fara saye kafin ka sayar, domin kuɗin da ka biya yana shiga aljihunsa ne, ka karɓe shi da kayanka. Mai son koyon ƙira kuma ya daina ɓata ƙarfe a kan wuƙaƙe. Da can kowa wuƙa yake ƙerawa, sandar ƙarfe ɗaya da tsirkiyar fata ɗaya, amma an gyara wasan ya koma auna ƙwarewa da darajar abin da ka ƙera. A Halted Stream Camp, arewa da Whiterun, akwai tamar ƙarfe jingim da littafin sihirin Transmute, mai juya tamar ƙarfe ta zama ta azurfa, ta azurfa ta zama ta zinare. Tamar zinare biyu sanda ɗaya ce, sanda ɗaya kuma zobba biyu. Aibin Breezehome ɗaya ne, ba shi da teburin sa wa kaya sihiri, sai ka hau tudu har fadar Dragonsreach wurin Farengar, matsafin sarki. Ga kuma Heimskr da ke wa'azin Talos, abin bautarsu, a gindin mutum-mutumi tun safe, ba ya gajiya, kai ne za ka gaji.

Daga bargar dawakai da ke wajen gari keken doki yana kai ka manyan birane a kan 20, ƙanana irin su Falkreath, Morthal, Dawnstar da Winterhold a kan 50. Waɗannan ƙananan ba su da ganuwar kirki, dodanni sun fi sauka a cikinsu, kuma maƙeri ko mai ba da aiki yana iya mutuwa a faɗan ba tare da ka lura ba. Kowace jiha kuma da nata lissafin laifi: kisan kai 1000, duka 40. Ko kazar Riverwood ka sara, ƙauyen gaba ɗaya zai taso maka.

Riften ce ta biyu a wurina. Mai gadin ƙofa zai nemi ka biya harajin baƙo, ƙarya yake yi, ka faɗa masa haka zai buɗe. Gidan Honeyside 8000 ne, yana da teburin magani da na sihiri in ka saya, da ƙofar baya mai fita bakin tafki ba tare da ka ratsa gari ba. A ƙarƙashin garin Tonilia ke sayen kayan sata, waɗanda shagunan sama ba za su ko kalla ba, amma sai ka shiga ƙungiyar ɓarayi tukuna. Markarth tana da kyau ƙwarai, birnin dutse da tagulla da Dwemer, wata al'umma da ta ɓace, suka bari, sai dai matakala ce daga ƙofa har Vlindrel Hall, wanda shi ma 8000 ne. Ranar da ka fara shiga wani zai zaro wuƙa ya nufi wata mata a kasuwa, kuma idan ka yi sauri kana iya cetonta. Bin diddigin lamarin zai kai ka kurkukun ma'adinai na Cidhna, an karɓe duk kayanka har sai ka fito. Proudspire na Solitude 25000 ne, kuɗin Breezehome biyar.

Windhelm ce ke bukatar taka-tsantsan. Hjerim gida ne babba, 12000, amma ba a sayar maka sai ka yi nisa a yaƙin basasa, kuma yana ɗaure da binciken kisan matan da ake yi a garin, aikin da ya yi ƙaurin suna wajen maƙalewa. Ka ajiye wasa a sabon gurbi kafin ka yi wa mai gadin maƙabarta magana, ka bi matakan a jere, kada ka tsallake zuwa sayen gidan. Layar da za ka tsinta a cikin Hjerim, kai ta wurin Calixto, mai gidan kayan tarihi na garin, ka sayar masa a kan 500. A ƙarshen binciken za ka same ta a jikinsa ta koma layar matsafa mai ƙarfi. Idan ka ƙi sayarwa, haka za ta zauna a jakarka, ba amfani, ba kuma damar yar da ita.