Wasiƙa daga Delhi: Bikin Diwali da hayaƙinsa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Gaisuwa a taƙaice, don tambayar da kuka dame ni da ita nake son amsawa: wai bikin fitilun nan da ake gani a finafinan Indiya, da gaske haka yake? Zan faɗa muku asalinsa, da abincinsa, da yadda ake kwana cikinsa.

Sunansa Diwali. Yana faɗowa tsakanin Oktoba da Nuwamba, a daren da wata ya ɓace cikin watan Kartik na kalandar Hindu, kuma kwana biyar ake yi. A arewacin ƙasar, mabiya Hindu na tunawa da komawar Rama, ɗaya daga cikin waɗanda suke bauta wa, garin Ayodhya bayan shekara 14 a daji, bayan ya kashe Ravana sarkin Lanka ya ƙwato matarsa Sita. Sun ce mutanen gari sun jera fitilu don tarbarsa, shi ya sa har yau kowace ƙofa da taga sai ka ga 'yan fitilun yumɓu da mai da lagwani. A kudu kuwa labarin da ake yi shi ne na yadda Krishna, wani abin bautarsu, ya yi nasara a kan mugun sarki Narakasura. Babban daren na Lakshmi ne, wadda suke bauta wa don neman arziki, kuma sun yi imani ba ta shiga gida mai datti. Saboda haka tun da sauran makonni ake share gida, a yi fenti, a biya bashi, 'yan kasuwa su buɗe sabon littafin lissafi. Ba addininmu ba ne, amma biyan bashin nan kafin biki, da ma wasu 'yan Kantin Kwari sun gani.

To, abin da fim ba ya nuna muku shi ne hayaƙi. Da magariba ta yi sai wasan wuta ya kaure, ƙara kamar ana yaƙi, har tsakar dare. A 2018 Kotun Ƙoli ta taƙaita shi daga ƙarfe 8 zuwa 10 na dare, amma yaran unguwarmu ba su san da zancen ba. Ga shi lokacin ya zo daidai da ƙona karan shinkafa da manoman jihohin Punjab da Haryana, da ke kusa da Delhi, ke yi don su samu shuka alkama da wuri. Iska ta kwanta, sanyi ya fara, hayaƙin ya rasa hanyar fita. Da safe gari ya yi dishi-dishi kamar hazon hunturu a Kano, sai dai wannan yana yaji a ido, yana kankare maƙogwaro. Duk mai shirin turo ɗansa karatu nan, in yana da asma, a yi shawara tukuna, kuma ya taho da takunkumi mai kyau.

Abinci kuwa, kayan zaƙi ne kwali-kwali, maƙwabta na aiko wa juna har da mu baƙi. Sukarin ya yi yawa. Sauran bayani sai tarina ya lafa.

Naku,
ɗan'uwanku a Delhi