Madarar da na ba bushiya

Har yau idan na ga ɗan farantin nan mai shuɗin baki sai raina ya ɓaci, kuma da kaina nake fushin.

Hutun Ranar Ma'aikata ne, 1 ga Mayu, ya haɗe da Asabar da Lahadi. Mutanen gida duk suka yi tafiya, ni na ce a bar ni in huta. Kafin rana ta take na gaji da hutun. Unguwa tsit, ba ƙarar mota, ba hayaniyar yara. Na fitar da kujera bayan gida, na ajiye ruwa a murfin bokiti, ba a jima ba kurciyoyi biyu suka sauko. A ranar na fara lura cewa kurciya ba ta ɗaga kai in tana shan ruwa kamar sauran tsuntsaye, baki take tsomawa ta zuƙa. Da a nan na tsaya, da babu labari.

Bayan magariba na ji motsi cikin busassun ganye a gindin katanga. Na ɗauka ɓera ne, ko abin da ya fi ɓera. Na haska fitilar waya, sai ga bushiya ta dunƙule kamar ƙwallon ƙaya. Na kashe fitilar na zauna shiru. Can sai ɗan hancin nan mai laima ya leƙo, yana rawa, yana shinshina iska. Idonta ba ya gani sosai, da hanci da kunne take harkarta. Ta zo har gaban takalmina ta shinshina ta wuce. Daɗi ya kama ni, na ce baƙuwa ta zo, ba za ta tafi haka ba. Na shiga na zubo madara a farantin nan.

Ta shanye tas, har da lashe faranti. Wannan ne ya yaudare ni. Na ce ai dabba ta san abin da zai cutar da ita. Daren Asabar na ninka.

Safiyar Lahadi na same ta kwance a fili, rana na dukanta, ƙudaje na zagaye ta, ga zawo a gefenta. Na taɓa ta da tsinke, ko dunƙulewar kirki ba ta yi ba. Bushiya dabbar dare ce, ganinta a sarari da rana tsaka kaɗai ya isa ya nuna akwai matsala. Asibitin dabbobin da na sani a rufe yake, sai na kira wani abokina da muka yi makaranta tare, likitan dabbobi ne. Ban gama bayani ba ya katse ni: "Kai, abokina, madara ka ba ta? Ai kashe ta ka so yi."

Ya ce cikin bushiya ba ya iya narkar da laktos, sukarin da ke cikin madarar shanu. Sai ya zame mata zawo, zawon ya tsotse ruwan jikinta, kuma dabba ƙarama haka ba ta da ruwan da za ta yi asara. Abincinta ƙwari ne: buzuzu, tsutsa, tana, dodon koɗi. Burodi ma bai yarda ba, cika ciki kawai yake ba amfani. Ni da na ɗauka karamci nake yi, ashe garin gyaran gira na kusa tsone ido.

Na bi abin da ya ce. Na sa safar hannu mai kauri na ɗauke ta, na sa ta a kwali da tsohon tawul, na naɗe kwalbar ruwan ɗumi a tsumma na ajiye a gefenta. Na duba tsakanin ƙayoyin ko ƙuda ya yi ƙwai, na yi sa'a babu. Ruwa zalla a faranti marar zurfi, ba komai bayan shi. Haka na wuni ina leƙa kwali duk bayan minti 20, hutun da na nema ya koma jinya. Sai wajen ƙarfe 9 na dare na ji tana sha. Na ba ta ɗan abincin kyanwa mai nama da na roƙo wurin maƙwabci, ta ci kaɗan.

Ta ƙara tsorata ni sau ɗaya. Ta lashi tawul ɗin, bakinta ya yi kumfa, ta murɗa wuya tana shafa kumfar a ƙayoyinta. Na sake kiran abokina a gigice, ya yi ta dariya, ya ce haka suke yi in sun ji sabon ƙamshi.

Daren Litinin na mayar da ita daidai inda na fara ganinta. Ko waiwaye ba ta yi ba. Yanzu takan zo jefi-jefi, ta sha ruwa, ta wuce ƙarƙashin fitilar ƙofa inda ƙwari ke faɗowa. Shekaranjiya ɗan maƙwabcina ya gan ta, ya ruga gida da gudu, sai ga shi ya dawo da kofin madara a hannu. A bakin ƙofa na tare shi.