Durowar ƙasa

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na miƙa wa Alhaji makullin shago. Ya karɓa, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ko ɗaga kai daga littafin bashi bai yi ba. Shekara shida ina tsaye a bayan kanta, mutanen unguwa na ce mini "Likita" ina amsawa, alhali takardar sakandare kaɗai gare ni. Duk wanda ya yi zaman kemis a Kano ya san daɗin sunan nan a kunne. Ya kuma san durowar ƙasa, wadda ba a jawo ta sai idon sani ya zo.

Wani mai adaidaita sahu ne, magidanci mai 'ya'ya huɗu, ya fara zuwa bayan sallar isha'i, 'yan watanni bayan cire tallafin mai a 2023. Ya jingina da kanta ya ce, "Likita, barci ne ya gagare ni. Ido biyu nake kwana har a kira assalatu." Ga balas da mai mashin ke jira kullum, ga kuɗin haya, ga mai da ya ninka. Na jawo durowa na ba shi ƙwaya biyu na diazepam, wanda yara ke kira D5. Na san doka ba ta yarda shago irin namu ya ajiye shi ba, balle ya sayar ba takardar likita. Washegari ya dawo yana sa mini albarka.

Daga ƙwaya biyu aka koma kati. Daga ɗaya a dare aka koma biyu, uku. Sau ɗaya tak na yi wa Alhaji maganar, ya ce, "Kai asibiti ka buɗe ko kasuwa? In ba ka ba shi ba shagon gaba zai ba shi." Na ja bakina na yi shiru.

Abin da ya fi ci mini rai ba ƙwayar ba ce. Ina kallon mutumin yana ramewa, barkwancin da ya saba ya ɗauke, hular ma ya daina gyara mata zama. Wani dare yana ƙirga canji ya ce, kamar da kansa yake, "Da ma mutum ya kwanta kar ya tashi." Ni kuwa na ce, "Haba Malam, a ci gaba da addu'a, kowa a matse yake." Na naɗe masa katinsa a takarda na miƙa. A lokacin gani nake asibitin ƙwaƙwalwa na mutum biyu ne: mai kuɗi, da wanda ya yaga tufafinsa ya shiga kasuwa. Mu da muka taso ana tsokanar juna da "sai an kai ka Dawanau", wato asibitin ƙwaƙwalwa na Kano, ina zan iya kallon babban mutum in faɗa masa haka?

Wata safiya gyangyaɗi ya ɗauke shi a kan titi, ya daki shingen tsakiya. Fasinja ta karye a hannu, mai mashin ya karɓe abinsa. Kwana uku bayan haka matarsa ta shigo da baƙar leda, ta zazzage a kan kanta. Katunan da ya shanye ne, ta tsinto su a ƙarƙashin katifa. Ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi, "A nan yake saye ko?" Alhaji na zaune a kujerarsa ya ce, "Wallahi Hajiya ban san da wannan ba, aikin yaron nan ne." A gabanta. Kuɗin kowane kati a aljihunsa ya kwana, kuma shi yake sarowa da hannunsa. Ƙarshen wata ya zaftare mini albashi, wai na ɓata wa shago suna. Na yafe kuɗin. Rantsuwar ce har yau take tsaya mini a wuya.

Dangi sun fara da abin da aka saba: rubutu, hayaƙi, ruƙiyya, har tunkiyar matar aka sayar. Wani ma ya kawo shawarar gidan mari, duk da abin da aka gani a irin gidajen nan lokacin samamen 2019. Ban raina addu'a ba, ni ma da ita nake kwana, amma wanda ya karye ana yi masa addu'a ne ana kuma ɗora shi. Na samu yayansa a ƙofar gida na ce, "Yaya, ni na ɓata, a bar ni in raka ku asibiti." Da za mu tafi sai ya ce wa maƙwabta kasuwar hatsi za mu.

Da sassafe muka isa Dawanau, muka yanki kati, muka hau benci. Na yi ta raba ido ina neman mahaukatan da nake tsoro. Wata mai goyo ce kusa da ni, sai wani ɗalibi da jakarsa, sai wani dattijo cikin shadda mai guga yana jan carbi. Likita ya daɗe yana yi wa mutumin tambayoyi, ciki har da wadda ni na toshe da "kowa a matse yake". Ya ce ciwon damuwa ne, rashin barcin reshe ne kawai. Ya rubuta amitriptyline, maganin da ke jere a shagonmu yana shan ƙura, wanda kuɗin na wata guda bai kai abin da mutumin ke zube mini a mako biyu ba. Diazepam ɗin kuma ya ce a hankali za a janye shi, don yanke shi farat ɗaya na iya jawo jijjiga. Ya ja kunne cewa maganin sai ya yi makonni kafin a ga aikinsa, kuma ba a dainawa don an ji sauƙi.

Inda kuɗi ke tafiya da gaske shi ne kuɗin mota da yinin da aka rasa ba a nema ba, shi ya sa mutane ke tsinke zuwa bayan komawa ta biyu. A ware na motar tun ranar da aka rubuta ranar dawowa. Wanda Dawanau ta yi masa nisa ko nauyin suna, Asibitin Malam Aminu Kano na da sashen ƙwaƙwalwa, ko ya fara da likitan asibitin gwamnati mafi kusa ya nemi takardar turawa. A ce wa likita ƙarara aljihu ba nauyi, ya rubuta mai sauƙin kuɗi. Mai katin KSCHMA, wato hukumar inshorar lafiya ta jihar Kano, ya tafi da shi. Yaran kemis kuma, in mutum ya dawo neman maganin barci karo na uku, ba barci ne matsalarsa ba.

Mai adaidaitar nan yanzu kankana yake sayarwa a bakin titi, ya ɗan yi ƙiba. In na wuce sai ya ɗaga yanka ɗaya ya ce, "Likita, zo ka taɓa." Na roƙe shi ya daina kira na haka, ya ƙi. Jiya na bi ta gaban shagon, na hango sabon yaro a bayan kanta, Alhaji ya sunkuya yana nuna masa yadda ake jawo durowar.